Ƙoƙon Lissafin Goggo

Allah Ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, cikin zafin bazara, kafin a ga ɗigon ruwa ko ɗaya. Goggo, yayar mahaifina, wadda ta raine ni tun daga yaye, ta cika a ɗakinta na gidanmu da ke Maska, kanta bisa cinyar Inna. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Kafin la'asar gidan ya cika, har sai da muka shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawar ƙofar gida.

Na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa ina kallon masu zuwa. Masaƙa sun bar zarensu a miƙe. Marina sun zo da hannuwa shuɗɗa har gwiwar hannu, ba su ko tsaya wankewa ba. Washegari mata suka iso a ƙafa daga Mahuta, garin dangin uwarta. Wata tsohuwar Bafillatana ta sauke ƙwaryar nono a tsakar gida, ta zauna kusa da ita tana hawaye, tana tambayar wa zai riƙa faɗa musu lokacin juyo da shanu daga kudu. Wani manomi daga wajen Malumfashi, bayan ya gama yi mini gaisuwa yadda ya kamata, ya matso ya tambaye ni a kunne ko marigayiyar ta bar magana game da shukar bana. Yana rufe baki kunya ta kama shi, ya sake jan wata doguwar addu'a. Ban ga laifinsa ba. Da Goggo na nan da ta yi masa dariya, sannan ta ba shi amsa.

Magana ɗaya ce ke yawo a bakin kowa. Liman ne ya fara faɗinta a bakin kabari, cewa shekara arba'in baiwar Allahn nan na riƙe da lissafin taurari, ba ta taɓa kuskure ko sau ɗaya ba. Daga nan kowa ya ɗauka. Ni kuwa duk wanda ya maimaita sai in ƙara dafe gafakata, domin a cikinta akwai takarda da rubutun hannuna mai cewa ba haka ba ne. Goggo ce ta sa na rubuta ta, ta kuma karɓi alkawarina cewa zan karanta ta gaban jama'a ranar addu'ar bakwai. Kwanakin nan duka na yi su ne ina neman hanyar da zan zille wa alkawarin ba tare da na zama maƙaryaci ba, ban kuwa samu ba.

Wani abu ya faru a cikin gida rana ta biyu, wanda matata ta ba ni labari. Wata daga cikin masu zaman makoki ta ɗauki tsintsiya za ta share ɗakin marigayiya. Inna, mahaifiyata, wadda ba a taɓa jin muryarta daga bayan danga ba, ta tashi ta fizge tsintsiyar, ta ce kada wadda ta sake taka ɗakin nan. Ta ja tabarmarta ta shimfiɗa a bakin ƙofa, a nan ta riƙa kwana. Mata suka ce zafin rabuwa ne, ni ma haka na ɗauka.

Sai na faɗi ko ɗiyar wa ce Goggo, domin waɗanda ba su san gidanmu ba. Mahaifinta, kakana, shi ne wanda gari ke kira Malam, ba ƙari. Ban riske shi ba, sunansa kawai na ci. Malamin hisabi ne, masanin tafiyar rana da taurari. Ba mai duba ba ne, kuma in kana son ganin ɓacin ran Goggo, haɗa ubanta da masu duba. Watanninmu na Musulunci zagayawa suke yi, azumi ya faɗo bana cikin damina, bayan 'yan shekaru ya koma cikin ɗari, don haka manomi ba zai yi shuka da su ba. Abin da Malam ya riƙe shi ne taurari ashirin da takwas da shekara ke bi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kwanansa goma sha uku, in ban da guda mai ƙarin kwana. Ya yi musu ƙoƙuna biyu da 'ya'yan tsamiya goma sha uku. Kullum bayan sallar asuba a ɗauki ƙwaya ɗaya daga ƙoƙon dama a jefa na hagu. In sun ƙare, tauraro ya fita, sai a matsar da tsakuwa ɗaya cikin wata ƙwarya mai tsakuwa ashirin da takwas. A ƙofar gida kuma ya kafa sanda jikin wani shimfiɗaɗɗen dutse, ya sassaƙa zane-zane inda inuwar tsakar rana ke faɗawa, don in lissafin ɗaki ya karkace dutse ya miƙar da shi.

Ƙa'idarsa da kowane manomi ya sani ita ce: ruwan da ya sauka kafin tauraron Dabaran ya shiga, a bar shi ya wuce, kada a ba shi iri. A waɗannan kwanaki kuwa Surayya, wadda muke kira Kaza Mai 'Ya'ya, ta ɓuya cikin hasken rana, ba mai iya ɗaga kai ya gane inda aka kwana. Ƙoƙo ne kaɗai ke faɗa.

Akwai kuma labarin da na tashi na tarar, kamar yadda na tarar da rijiyar gidanmu. Shekarar da Malam ya rasu, ɗansa, wato Baba, mahaifina, ya tashi a masallaci bayan wani ruwa mai ƙarfi ya ce Dabaran ya shiga, a yi shuka. Daminar da ta gabace ta ba a samu amfani ba, iri kaɗan ne a rumbuna. Mutane suka kwashe ɗan abin da ya rage suka zuba a ƙasa. Gero ya tsiro, sama ta ɗauke, rana ta ƙone shi ƙurmus. Da ruwan gaskiya ya zo, gidaje da yawa ba su da abin shukawa. An sha wuya a wannan shekara, wasu suka tashi zuwa ƙasar Zazzau ba su dawo ba. Tun daga nan aka raɗa wa Baba suna Mai-gaggawa. Bai sake buɗe baki kan taurari ba, ya koma gona da saƙa. A hankali mata suka fara zuwa wajen Goggo, maza suka fara aiko matansu, har ya zama ba a sa iri ƙasa daga nan zuwa Mahuta sai an ji daga ɗakinta.

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana fuska da fuska. In tana son na ci abinci sai ta ce wa bango, ko akwai mai jin yunwa a gidan nan. Goggo, wadda mijinta ya rasu da wuri bai bar mata ɗa ba, ita aka ba ni. Ita ma ba ta iya faɗin sunan ubanta, sai take kira na Mai-sunan-Malam. A ɗakinta na buɗe ido na ga yadda safiya ke farawa. Ba ta amsa gaisuwar kowa sai ta jefa ƙwayar ranar. Bayan ƙwayar kuma sai ta ƙulla ƙulli ɗaya a wani dogon zare da ke rataye jikin ƙusa. Duk Jumma'a da tsakar rana sai ta yafa mayafi ta fita har ƙofar gida, ko da maza na zaune, ta durƙusa ta duba inuwar sanda da idonta. Na ɗauka tsabar ƙwarewa ce.

Tana da tambaya guda wadda ta addabi gari da ita. Duk wanda ya kawo mata labari, kafin ya kai ƙarshe sai ta tare shi: «Ka gani, ko ka ji?» Ina yaro na taɓa shigowa da gudu na ce kura ta shiga gonar auduga. Ba ta ko ajiye mazarinta ba, ta yi mini tambayar. Na ce na ji. Ta ce to in koma in tambayi wanda ya faɗa mini ko shi ya gani. Na bi bakin yara biyar, a ƙarshe muka tarar da jakin maƙwabci. Mata masu kawo gulma sun daina tsayawa ɗakinta, don ba daɗi a fara labari mai zaƙi a tambaye ka shaidu.

Kowace shekara, in kaka ta yi, takan zaɓi zangarniyar gero da dawa mafi kyau daga gonarta, ta ɗaure su dami-dami a wani ƙaramin rumbu da ba a taɓawa ko ana yunwa. Lokacin shuka duk wadda ta zo tambayar tauraro, in Goggo ta ga alamar gidanta ba iri, sai ta cusa mata zangarniya cikin zane tana yi mata faɗan wani abu daban, don kada a lura. Ban taɓa jin ta bari an yi mata godiya har ƙarshe ba.

Ni sana'ata kwafar littattafai. Ba yabon kai ba, hannuna na da kyau, kuma na san yana da kyau, wannan shi ne ciwona. Bara waccan wani malami mai wucewa zuwa Katsina ya sauka zaurenmu, ya tambayi tarihin Malam da waɗanda suka gaje shi, ya yi mamakin ba a rubuta ba. Maganar ta zauna mini. Na samo takarda wajen fataken Kano, na dafa tawada mai kyau, na rubuta da Hausa cikin ajami don mata ma su ji. Malam ya ci warƙa goma. Goggo, ɗiyarsa, ta ci shida. Baba na ba shi rabin warƙa, ina ganin ma na yi masa adalci.

Idanun Goggo sun riga sun dushe, sai na riƙa karanta mata bayan la'asar, tana kaɗi tana goga goronta a magogi, don haƙoran sun tafi. Na zo ne in ji yabo. Ban gama layi uku ba ta tsayar da ni. Na rubuta an haife ta a Maska. Ta ce ita 'yar fari ce, uwarta gida ta koma goyon ciki, a Mahuta aka yanke mata cibiya, in ina shakka in je in ga kukar da aka binne mabiyiya a gindinta. Na rubuta ta haddace Alƙur'ani tana shekara bakwai. Ta yi dariya har goro ya shaƙe ta, ta ce tana shekara bakwai babban aikinta satar ɗanyar gyaɗa, kuma har yau haddarta ba ta wuce izu goma ba, sauran da duba take karantawa. Na rubuta Malam ya samo littafin taurari a hanyar gabas. Ta ce ubanta bai taɓa wuce Kano ba. Wani baƙo ne damina ta tsare a zaurenmu, Malam ya kwafe littafinsa kafin hanya ta bushe, har akwai warƙa biyu da bai samu gamawa ba, ya cike su da abin da ya auna da kansa.

Inda na ce ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ce in tsallaka danga in tambayi matar maƙwabci ranar da akuyarta ta cinye mata audugar kaɗi. Na tsallaka kuwa, don ta tilasta mini. Tsohuwar ta ce har yau kunnenta na dama bai dawo daidai ba, kuma shekara biyu ba su gaisa ba, sai da Goggo ta zo da kanta ta karɓi haihuwar jikarta.

Na fara jin haushi. Na ce mata haka ake rubuta tarihin mutanen kirki, ana ɗan sa musu ado. Ta ce in ado nake so in je in yi wa amarya. Wanda zai karanta takardar nan bayan mun tafi ba shi da wanda zai tambaya, abin da na ba shi shi zai haɗiye. Haka muka yi ta yi kusan wata guda. Warƙoƙina masu kyau suka cika da gyara a gefe, har ina jin kunyar nuna su.

Ranar da muka iso rabin warƙar Baba, na karanta da murya irin ta mai gaskiya wanda bai rufa wa ko ubansa ba. Na rubuta cewa ɗan bai gaji natsuwar uban ba, ya yi gaggawa ya tsallake tauraro guda, ya jawo wa gari asarar iri, daga nan Allah Ya mayar da ilmin hannun ɗiya. Mazarin Goggo ya tsaya. Ta juyo da fuskarta wajen muryata.

«Ka gani, ko ka ji?»

Na ce ai wannan gari duka ya sani.

«Gari ji ya yi. Mu ukku muka gani, guda na ƙasa. Ɗauko alƙalaminka, Mai-sunan-Malam.»

Ga abin da ta faɗa mini. Tun da idon Malam ya raunana, ita ke jefa ƙwaya, Baba kuma shi ke sanarwa a masallaci, don shi ne namiji. Malam ya rasu cikin bazara. A kwanakin makoki, gida cike da baƙi, aka ture ƙoƙunan da ƙwaryar tsakuwa garin yin shara, ƙwayoyi da tsakuwa suka watse a ƙasa. Ta tattara su ta mayar daga abin da ta tuna, kanta kuwa ba ya tare da ita, sai ta sa tsakuwa ɗaya fiye da ƙima a ɓangaren taurarin da suka wuce. Dutsen inuwa na ƙofar gida, maza na zaune a kansa suna karɓar gaisuwa. Ta ji nauyin fita, ta kuma ji nauyin ce wa ƙaninta ta rikice, ita da Malam ke yabo gaban ɗalibai. Ta yi shiru. Da ruwa ya sauka Baba ya leƙo ya tambaye ta, ta ce Dabaran ya shiga, alhali sauran kwana goma sha uku. Bayan shuka ta ƙone shi da kansa ya durƙusa kan dutse ya gane. Ya shigo ɗakinta, ta faɗa masa komai. Ta ce za ta sa a sanar. Ya ce a'a, bakinsa ne ya faɗa a masallaci. In gari ya ji mace ce ke riƙe da ƙoƙo kuma ta yi kuskure, za a watsar da ilmin Malam gaba ɗaya, ita kuwa ta fi shi saninsa nesa ba kusa ba. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa ba muddin yana raye.

Na tambaye ta wa ya ture ƙoƙunan. Ta ce zubewa ba laifi ba ce, ƙwarya kullum zubewa take. Shirun da ita ta yi shi ne laifin, shi kuma zan rubuta, kada in ƙara abin da ba ta ba ni ba.

Ban rubuta komai ba ranar. Na faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa wadda ta goya ka. Na ce Baba ya yi damina goma a ƙasa, rantsuwar ta warware tun ranar da aka binne shi, me ya riƙe bakinta? Ba ta kare kanta ba. Ta ce:

«Yabo na da daɗi. Na sha, na saba. Kullum ina cewa baɗi. Sai da na ji ɗanshi na karanta mani ƙaryar da muryarshi, sannan na san ta kai inda ba ni iya ɗauka.»

Na fita na bar ta. Kwana goma sha biyu ban taka ɗakinta ba, ba ta kuma aiko ba. Ina cewa fushi nake da ita, amma ni na san inda ke yi mini ciwo. Na tuna yadda nake ja da baya a kasuwa don kada a gan ni tare da Baba. Na tuna ranar da ya ga ina kwafar littafin taurari ya matso zai nuna mini wani wuri, na rufe warƙar na ce Goggo za ta duba mini. Ya ce to, ya koma kan saƙarsa. Na wanke gawarsa da hannuna ina jin tausayinsa irin wanda ake ji wa mai rauni, alhali duk gidan ba wanda ya kai shi ƙarfi. Wannan ba Goggo ta yi mini ba, ni na yi.

Rana ta goma sha uku na koma. Na tarar ta rame. Ba ta tada maganar ba, ta ce dai na zo daidai, tauraro ya fita yau, in matsar mata da tsakuwa. Na zauna na fere alƙalami. A nan kuma sai wata sabuwar rigimar ta tashi, don yanzu ita nake son karewa. Na ce bari in rubuta cewa kuskure ya auku a gidan, ba sai an ce wane ko wance ba. Ta ƙi. Na ɗauko wuƙa zan kankare tsohon rubutun, ta hana. Ta ce in ja masa siririn layi yadda za a iya karanta shi, in sa gaskiyar a gefe, don mai karatu ya ga abin da aka faɗa shekara arba'in, ya kuma ga abin da ya faru. Inda na yabi ƙullin zare da fitar Jumma'a, ta sa na ƙara cewa tsoro ne ya koya mata su. Inda na yabi rumbun iri, ta ce in rubuta ba alheri ba ne, kunya ce. A nan na ƙi, na ce wannan na gani da idona shekara da shekaru, ba ji na yi ba, zan bar shi alheri. Ta yi murmushi ta ce na fara iya aikin.

Na tambaye ta me zai hana ta kira liman ta faɗa da bakinta. Ta ce in ta faɗa za a ce tsufa ya taɓa ta, ko a yafe mata don ganin ido a binne maganar a ɗaki. Takarda ba ta ruɗewa. Ta ƙara da cewa, kuma gaskiya ba ta da ƙarfin jin shirun da za su yi. Ta shafa gefen warƙar da yatsa inda tawada ta bushe, ta karɓi alkawarina. Ba ta cika wata biyu ba bayan haka.

Ranar bakwai, bayan an shafa fatiha, mutane na shirin tashi, na roƙi liman a ɗan dakata. Na buɗe gafaka. Na karanta layin da aka ja wa zane, na ga kawuna na gyaɗawa, don labari ne da suka sani. Sannan na karanta na gefe. Mata na jin komai daga bayan danga. Da na gama ba wanda ya yi tari. Wani dattijo ya ce a hankali da an bar matacce ya huta. Liman ya sunkuyar da kai, ya ce shi ya faɗi magana a bakin kabari, yanzu ya janye ta, kuma abin da ya ji yau ya fi wanda ya faɗa girma.

Sai wani tsoho da ke zaune bayan masallaci, wanda mahaifiyarsa ta rasu cikin wahalar waccan shekara, ya dogara sandarsa ya miƙe. Na zaci zagi zai yi. Ya ce:

«Ni na raɗa mashi sunan nan. A bakin rijiya na fara faɗi, yana ji, bai tanka ba. Malam, kama hannuna ka kai ni inda yake.»

Na kai shi. Ya daɗe tsugune gefen kabarin Baba yana magana ƙasa-ƙasa, ban matsa na ji ba. Da muka juyo ya tsaya kan sabon kabarin Goggo, ya ce shekara uku a jere matarsa na dawowa daga ɗakinta da zangarniya cikin zane, bai taɓa tambayar dalili ba. Ya yi mata addu'a ita ma. Allah Ya jiƙan su biyun, Ya haɗa su inda ba a kuskuren lissafi, Ya yafe mana abin da muka faɗa a kansu ba mu gani ba.

Da la'asar baƙi suka ragu, na shiga cikin gida. Inna na zaune bisa tabarmarta a ƙofar ɗakin Goggo. A gabanta ga ƙoƙunan nan biyu, ga ƙwaryar tsakuwa, ga zaren da sababbin ƙulli bakwai a ƙarshensa, ƙullin wani hannu daban. Sai a lokacin na tuna cewa tun ranar rasuwar ban ko yi tunanin ƙwaya ba. Na durƙusa nesa kaɗan kamar yadda na saba. Ta kawar da kai wajen bango.

«A faɗa ma mai rubutu lissafi na nan daidai, ba a tsallake ko kwana guda ba. Sauran kwana biyar Dabaran shi shiga.»

Na ce an ji, an gode. Na yunƙura zan tashi.

«A faɗa mashi kuma akwai sauran gyara.»

Na koma na zauna. Ta daɗe tana juya ƙwaya ɗaya a tafin hannunta. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife ni, ta juyo ta dube ni cikin ido.

«Ina amarya, watana biyu a gidan nan. An ce mani in share ɗaki. Da ƙoƙunan suka zube, Goggonka ta ce mani ba komi, ta san lissafin, kar in faɗa ma kowa don kar dangin miji su sa ni gaba. Ubanka ma bai taɓa tada mani ita ba, har ya koma. Wannan ba ji na yi ba. Tsintsiyar a hannuna take.»

Na ce mata Goggo ta hana a rubuta wannan. Inna ta ce Goggo ta hana ne don ba nata ba ne ta bayar, yanzu mai shi ta bayar.

Na buɗe gafaka na fiddo warƙar. Gefen dama ya cika da gyaran Goggo, ba wurin sa ko wasali. Na juya ta, na sami ɗan fili a gefen hagu, ƙasa da rabin warƙar Baba. Inna ta matso da kaskon tawada kusa da gwiwata, ta riƙe shi da hannu biyu don kada ya zube.